Yadda Waya Za Ta Taimaka a Shigo da Babban Inji Gidan da Mota Ba Ta Kaiwa Ƙofarsa: Darasi Daga Ƙasar Gumel

Sayen inji ya zo da sauƙi a wannan zamani. Matashi yana zaune a Gumel ko Sule Tankarkar zai ga injin niƙa, ko na casar shinkafa, ko na matsar man gyaɗa a Facebook ko Jiji, ya yi ciniki ta WhatsApp, ya tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, duk kafin la'asar. Daga Kano zuwa Gumel kusan kilomita 120 ne ta Gezawa da Gujungu, kuma direban da ya san hanya ba ya jin su. Inda ake shan wuya shi ne ɗan guntun da ya rage tsakanin bakin kwalta da ɗakin da injin zai zauna, wanda sau da yawa bai wuce mita 200 ba. A nan mota ke kafewa a yashi, a nan akwati ke ƙin shiga lungu, a nan kuma 'yan dako ke ninka kuɗi saboda sun ga mai kaya ba shi da zaɓi. Mafi muni, a nan inji ke kifewa a kan ƙafar mutum.

Yawancin wannan wahala ana iya kashe ta mako guda kafin mota ta tashi, da wayar hannu da tef ɗin awo na tela ko na magini. Sharaɗin kawai shi ne a yi aikin kafin a biya kuɗin inji.

Lambobin da za a karɓa daga mai sayarwa

Hoton inji a intanet ba ya nuna nauyi. Don haka tambaya ta farko ita ce nauyinsa, kuma nauyi iri biyu ne. A jikin akwatin kayan da aka yi odarsu daga Sin ko Indiya akan ga N.W. da G.W. Na farko nauyin injin ne shi kaɗai, na biyu kuma nauyinsa haɗe da akwatin katako da duk abin da aka cusa a ciki. Na biyun shi ne wanda za a ɗaga, don haka da shi ake lissafi. Tambaya ta biyu ita ce tsawo da faɗi da tsayin akwatin. Idan inji na hannu ne wanda ba shi da takarda, kamar irin waɗanda ake samu a wajen masu haɗa injuna a Dakata ko 'yan ƙarfe a Ƙofar Ruwa, sai a roƙi mai sayarwa ya ɗora tef a jikinsa ya ɗauko hoto, lambobin suna fitowa sosai. “Ai bai da wani girma” ba awo ba ne.

A kula da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Maginanmu da ƙafa da inci suke magana, takardun Sin da milimita, na Amurka da fam. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, inci ɗaya santimita 2.54, fam ɗaya kuma bai kai rabin kilo ba, kilo 0.454 ne. A mayar da komai zuwa santimita da kilo a rubuta wuri guda a waya. Domin a ji nauyin a jiki, sai a raba shi da 50: injin kilo 600 buhun siminti 12 ne a ɗaure wuri ɗaya, ba yadda za a yi a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai abu na uku da mutane kan manta, wato inda nauyin ya taru. Injin niƙa mai doguwar ƙafa da mazurari a sama, da injin feƙe ƙarfe na makanikai, da na huda ƙarfe mai tsayi, duk nauyinsu a sama yake, gindinsu kuma siriri ne. Irin waɗannan su ne masu saurin kifewa. Akwatin da aka haɗa da kyau yakan zo da alamomi: kibiya biyu masu nuna sama, hoton sarƙa a inda ya kamata a ɗaura, da ɗan da'ira mai gicciye da ke nuna tsakiyar nauyi. A nemi hotonsu su ma.

Wanda ya yi oda daga waje ta Alibaba ya karanta haruffa ukun da ke kusa da farashi. Waɗannan ƙa'idojin ciniki ne na duniya da ake kira Incoterms, kuma a tsarinsu na 2020, DAP da DDP duk suna nufin mai sayarwa zai kawo kaya wurin da aka ambata, amma saukewa daga mota aikin mai saye ne. DPU ne kaɗai ya ɗora wa mai sayarwa saukewa. A zahiri ma, abin da dillalai ke kira “har gida” yakan ƙare ne a wani sito a Kano. Ko da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairun 2023 ta matso da kwantena kusa, ba ta matso da ita lungun kowa ba. Haka abin yake a cinikin cikin gida: idan mai sayarwa ya ce “da kuɗin mota”, a tambaye shi zuwa ina, tasha ko bakin titi ko ƙofar gida, kuma wa zai sauke. A sa ya rubuto amsar a WhatsApp, domin rubutu ya fi saƙon murya sauƙin nunawa ranar gardama.

Abin da taswira ke nunawa da abin da take ɓoyewa

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka zama masarautar Gumel: Gumel kanta, Maigatari a arewa kan iyakar Nijar, Sule Tankarkar ta yamma, da Gagarawa ta kudu maso gabas. Abin da ya haɗa su a wannan magana shi ne ƙasa. Kalmar jigawa, wadda jihar ta samo sunanta daga gare ta a 1991, tana nufin tudu mai rairayi, kuma da zarar an sauka daga kwalta a wannan yanki, rairayin ake takawa. Gidaje da yawa ba su da lamba, lunguna ba su da suna. Kwatancen “bayan masallaci, kusa da tuƙa-tuƙa” yana yi wa ɗan gari aiki, amma direban da ya taso daga Kano masallaci nawa zai wuce?

Google Maps yana magance rabin wannan. Mutum ya tsaya a ƙofar gidan, ya buɗe manhajar, ya jira shuɗin ɗigon ya natsu, sannan ya danna shi. Zai ga wata gajeriyar lamba mai alamar + a tsakiya, tare da sunan gari. Ita ce Plus Code, adireshi ne da aka ciro daga ma'aunin taswirar duniya, kuma lambar da aka saba gani tana nuna fili mai faɗin kusan mita 14 ta kowace fuska. Ana iya tura ta a saƙon tes ga wanda ba ya WhatsApp, ana ma iya karanta ta a waya. GPS na waya a sarari yakan yi kuskuren kimanin mita 5, a cikin ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka, shi ya sa a waje ake ɗaukar lambar.

Lamba biyu ake buƙata. Ta farko ta gidan ce, ta biyu kuma ta inda babbar mota za ta tsaya. Ta biyun ita ake tura wa direba. Dalili kuwa, Google Maps yana lissafa hanya ne kamar ƙaramar mota ce ke tafe. Bai san faɗin kanta ba, bai san tsayin kayan da ke bayanta ba, kuma zai iya karkatar da ita wata hanya “mafi kusa” wadda amalanke ne kawai ke binta. Direban da aka ba lambar ƙofar gida zai bi muryar waya har ya cusa hancin mota inda ba zai iya juyawa ba.

Don sanin nisan da ke tsakanin wuraren biyu, a juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan adam, a danne yatsa a kan wuri har jan alama ta fito, sannan a zaɓi Measure distance, a riƙa ƙara ɗigo a kowace kwana. Wannan zai ba da tsawon hanya daidai gwargwado. Faɗin lungu kuwa kada a yarda da taswira a kansa. Hoton kan iya zama na shekarun baya, kafin maƙwabci ya fito da dakali ko ya kafa rumfar kwano, kuma inuwar darbejiya kan rufe abin da ke ƙarƙashinta.

A sauke taswirar yankin a waya tun ana wurin da sabis ke da ƙarfi, direba ma a tuna masa ya yi haka tun yana Kano, saboda GPS ba ya buƙatar data amma hoton taswira yana buƙata. A kusa da iyaka a Maigatari waya takan tsallaka layin Nijar da kanta, kuɗin kira ya tashi ko data ta ɗauke, don haka yana da kyau a shiga saiti a zaɓi layin gida da hannu a ranar. Idan mota ta kamo hanya, sai direba ko yaron mota ya kunna Live location na WhatsApp. Zaɓi uku yake bayarwa, minti 15 ko awa ɗaya ko awa 8, kuma na awa 8 ne ya dace. Amfaninsa shi ne kada a tara 'yan dako tun hantsi alhali mota ba ta wuce Gujungu ba.

A taka hanyar da ƙafa

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Mutum ya fara daga inda mota za ta tsaya, ya kunna bidiyo, ya riƙe wayar a kwance, ya taka a hankali har cikin ɗakin da injin zai zauna. A duk inda hanya ta matse, ya tsaya ya shimfiɗa tef ya faɗi lambar da baki. Ya ɗaga kyamara sama a nuna wayoyin lantarki da rassan itace, ya sauke ta ƙasa a nuna kwata da kwalbati da irin ƙasar. WhatsApp yana rage ingancin bidiyo, don haka gara a tura shi a matsayin Document domin lambobin tef su fito. Direba mai ƙwarewa da ya kalli minti uku na irin wannan bidiyo zai faɗi gaskiyar inda motarsa za ta tsaya, kuma farashin da ya yanka bayan ya gani ya fi wuyar canzawa.

Wayoyin iPhone suna zuwa da manhajar Measure tun 2018, akwai kuma makamantanta a Android, masu auna tsawo ta kyamara. Suna da amfani wajen ƙiyasi, kamar tsayin wayar lantarki daga ƙasa, wadda bai kamata kowa ya kusance ta da tef na ƙarfe ba. Amma a ƙofar zaure, inda santimita biyu ke raba shiga da rashin shiga, tef ne alƙali.

Babbar mota irin tirela faɗinta kusan mita 2.5 ne ban da madubai, kwantena kuma mita 2.44. Ko lungu ya kai wannan faɗi, kwana ce matsala, domin tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yanko kwana ta ciki, kuma gwargwadon tsawon mota gwargwadon yadda suke yankowa. Katanga da yawa ta nan aka rushe musu kusurwa.

Akwatin inji ma haka yake. A ɗauki akwati mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 2. A lungu mai faɗin mita 1.5 zai wuce lafiya muddin hanya a miƙe take. Da an zo kwana mai kusurwa huɗu inda lungun gaba ma mita 1.5 ne, ba zai juya ba, domin abu mai wannan faɗi sai tsawonsa bai wuce kusan mita 1.84 ba zai sha irin wannan kwana. Idan kuma a tsakar gida ake so a juya shi a wuri ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, wato mita 2.33. Wanda lissafi bai dame shi ba, akwai hanya mai sauƙi wadda ta fi lissafin ma tabbas: a samo karan dawa a ɗaure shi da igiya daidai girman akwatin, tsawo da faɗi da tsayi, mutum biyu su ɗauka su bi hanyar da shi tun daga titi. Duk inda kara ya maƙale, nan inji zai maƙale. Kuɗin wannan gwaji bai wuce na igiya ba.

Idan zaure ya ƙi, zaɓi biyu ne. Ko a kwance injin, ko a fasa katanga. Kwancewa takan wadatar ga injin niƙa da danginsa: a cire mazurari, a sauke bel, a raba injin dizal da kan niƙa. Injinan dizal masu silinda ɗaya na ƙasar Sin da aka saba gani a wuraren niƙa nauyinsu yakan kama daga kilo 140 zuwa 200, tsohuwar Lista mai manyan ƙafafun juyi kuma ta haura kilo 300. Kafin a taɓa sifana, a ɗauki hoton kowane ɓangare ta fuska uku, musamman wayoyi da yadda bel ya zagaya, a zuba notinan kowane sashe a leda daban, a tsiyaye mai da baƙin mai. Sabon inji mai garanti kuwa a tambayi mai sayarwa tukuna. Fasa katanga yana da ban tsoro a ji, amma sau da yawa cire layin bulo na mita biyu ta bayan gida da mayar da shi ya fi hayar mota mai ƙugiya daga Kano araha. Idan katangar ta haɗa da maƙwabci, ko kuwa za a tare lungu na wasu awoyi, a fara gaya masa da mai unguwa.

Abu na ƙarshe a wannan zagaye shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Murfin sokawe, tsohuwar shadda da aka cike, da bakin rijiya ba sa fitowa a bidiyo sai an nuna su. A tambayi dattawan gidan, su ne suka san inda aka taɓa haƙa rami shekara ashirin da suka wuce.

A raba tafiyar gida uku

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman mota ɗaya ta yi komai. Abin da ya fi aiki shi ne babbar mota ta kawo kaya bakin kwalta, ƙaramar mota ko amalanke ta kai bakin lungu, sannan a ƙarasa da hannu a kan bututu. Inji da bai wuce 'yan ɗaruruwan kilo ba, a-kori-kura ko kanta za ta iya ɗauko shi kai tsaye daga Kano, a huta da sauyin mota. Kowane sauyi ɗagawa ce da saukewa, kuma a wajen ɗagawa da saukewa ake ɓarna.

Ranar mako tana da tasiri. Kasuwar Maigatari ta dabbobi tana ci ranar Alhamis, ta Gujungu kuma Lahadi. A waɗannan ranaku hanya cike take, 'yan dako kuma suna can inda kuɗi yake. Amma akwai riba ta wata fuskar: motocin da ke zuwa ɗaukar kaya, musamman da kaka lokacin riɗi da zoɓo, da yawa ba sa zuwa da cikakken lodi, kuma ɗan kamasho a tasha zai iya haɗa mutum da wadda za ta rage masa kuɗi. Sharaɗin shi ne direban irin wannan mota sauri yake yi, ba zai jira a nemo falanki ba. Komai ya kasance a shirye a bakin titi kafin ya iso.

Hanyar ta iyaka ce, saboda haka akwai shingayen kwastan. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disambar 2020 bayan rufewar 2019, an kuma sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Sabon inji a akwati da ya nufi arewa dole ya ja tambaya. Rasit mai ɗauke da lambar jikin injin, da takardar lodi, da kwafin takardar biyan kuɗin fito idan daga waje ya zo, su kasance a hannun direba, hotunansu kuma a wayar mai kaya.

Game da yashi, busasshen rairayi na bazara ya fi cin taya, ɗan damshi kuwa yana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa safiya bayan yayyafi ta fi tsakar rana a watan Afrilu. A watan Agusta kuma matsalar takan koma wuraren da ruwa ke kwanciya. Rage iskar taya kaɗan yana taimaka wa ƙaramar mota a yashi. Kada a raina amalanke: shanu ba sa kafewa inda mota ke kafewa, gadonsa kuma a ƙasa yake. Sai dai a tambayi mai shi buhu nawa ya saba ɗauka, a ɗora injin daidai kan gatarin ƙafafun, a ɗaure ta kusurwa huɗu, a kuma kwance shanun kafin lodi da saukewa.

Saukewa

Gadon kanta yakan kai kusan mita ɗaya daga ƙasa, kuma wannan mita ɗaya ita ce mafi hatsari a tafiyar gaba ɗaya. Idan aka jingina falanki mai tsawon mita 3, ƙarfin da ke jan inji zuwa ƙasa kashi ɗaya cikin uku ne na nauyinsa, wato kilo 200 ga injin kilo 600. Da falanki mai mita 4, ya sauko zuwa kilo 150. Ga kuma maganar kifewa. Injin da gindinsa ke da faɗin santimita 60, tsakiyar nauyinsa kuma tana santimita 90 daga ƙasa, zai kife da zarar ya karkata da digiri 18 da ɗoriya. Falankin mita 3 a kan tsayin mita ɗaya karkatarsa ta haura digiri 19. Ke nan wannan inji zai faɗi tun kafin ya fara zamewa. A nan manhajar auna karkata da ke waya take da rana: a kwantar da wayar a kan falanki a karanta lambar. Kuma a koyaushe a sauko da inji ta tsawonsa, ɓangare mai nauyi yana ta sama.

Hanyar da ta fi wannan ita ce a rage tsayin. A nemi tudu ko dakali mai ƙarfi mota ta ja da baya ta jingina, ko a haƙa rami mai gangara tayoyin baya su shiga har gadon ya matso ƙasa. A ƙasa mai yashi wannan aikin rabin awa ne da shebur, sai dai a shimfiɗa katako a ramin domin motar ta iya fita. Inda akwai ƙugiyar sarƙa irin ta makanikai masu ciro injin mota, a duba nauyin da aka rubuta a jikinta, a kuma rataye ta a ƙafa uku na ƙarfe. Reshen darbejiya da azarar ɗaki ba wurin rataye rabin tan ba ne.

Mota mai ƙugiya, wadda aka fi sani da Hiab, ita ce mafi sauƙi idan kuɗi ya kai, amma a fahimci lissafinta. Ƙarfinta yana raguwa gwargwadon miƙewar hannunta. Wadda ke ɗaga tan 4 a nisan mita 2, da ƙyar za ta ɗaga tan ɗaya a mita 8. Don haka idan ana so ta tsallaka da inji ta saman katanga, nisan ma sai an auna an gaya wa mai ita. Ƙafafunta na tallafi suna buƙatar katako mai kauri a ƙarƙashi, kuma hannunta ya nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 3, domin babban layi yana iya tsallako wuta ba tare da an taɓa shi ba.

Daga nan sai ja a ƙasa. Injin kilo 600 da ke tsaye a kan ƙafa huɗu, kowace mai faɗin santimita 5 ta kowace fuska, yana danna ƙasa da kilo 6 a kan kowane murabba'in santimita, kuma nutsewa zai yi. A ɗora shi a kan falanki biyu masu kauri, kowanne santimita 30 a faɗi da mita 2 a tsawo, dannawar za ta ragu har sau 120. Saboda haka ake shimfiɗa falanki a matsayin titi, a jera bututun ƙarfe uku ko huɗu a kai, a ɗora injin da katakon gindinsa, a riƙa turawa da ƙarfen bincire. Bututun da ya fito ta baya a mayar da shi gaba, falankin da aka wuce shi ma haka. Tafiyar hawainiya ce, mita 50 na iya cin awa guda, kuma haka ya kamata ta kasance.

Mutum ɗaya ne ke ba da umarni. Ba mai tsayawa ta gangare, ba mai sa yatsa a ƙarƙashi, sai dai a cusa guntun katako. A gangara, igiya tana baya a naɗe a jikin wani abu mai ƙarfi, ana sassauta ta kaɗan-kaɗan. Idan inji ya tashi faɗuwa, a bar shi ya faɗi. A kuma sa babba ɗaya ya tsare yara, domin duk unguwar za ta fito kallo, shi ma mai ɗaukar bidiyon TikTok ya koma gefe.

Inda zai zauna

Daɓen da injin zai hau ya riga shi zuwa da makonni. Kankare yana kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi kuma a kwana 28, muddin ana ba shi ruwa. Injin da ke jijjiga yana son gindi mai nauyi, injiniyoyi kan so ya ninka nauyin injin kamar sau uku. Kankare mai faɗin mita ɗaya ta kowace fuska har da zurfi yana da nauyin kusan kilo 2,400, don haka daɓe mai tsawon mita 1.5, faɗin mita ɗaya da zurfin santimita 50 zai ba da kilo 1,800, daidai da injin kilo 600. A bar rata tsakaninsa da bango, musamman ginin ƙasa, don jijjiga ba ta jituwa da shi. Tazarar ramukan noti a karɓe ta daga mai sayarwa tun farko, da hoton tef a kai.

Hoton ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin mota mai juya injin ma a karɓe shi tun ranar ciniki. Wutar KEDCO, wadda ke ba Kano da Katsina da Jigawa, bolt 230 ce a layi ɗaya, kusan 400 a layi uku, a kan 50Hz. Injin da ke son layi uku ba zai tashi da wutar gida mai layi ɗaya ba, kuma gara a san haka kafin a fasa katanga saboda shi.

Kafin direba ya tafi, a zagaya akwatin da bidiyo tun yana kan mota, a buɗe shi a gabansa, a gwada lambar jikin injin da ta rasit, a duba tsagewa a jikin ƙarfen zubi da lanƙwasar sanda mai juyawa. Ragowar kuɗin mota da na 'yan dako a biya bayan injin ya sauka a inda aka yi alkawari, kamar yadda aka rubuta a WhatsApp. Bayan an ɗora shi a daɓe, a kwantar da waya a kansa ta tsawo da ta faɗi a ga ko ya daidaita, a tabbatar da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, sannan a ɗaure notina. A sake bin su da sifana bayan kwana biyu ko uku na aiki, domin jijjigar farko takan sassauta su.